Daga Gadar Anacha Zuwa Tafkin Bosumtwi: Ina Baƙon Kurmi Zai Kai Iyalinsa Hutu?

Duk wanda ya taɓa kwana a gindin gadar Anacha ya san garin ba ya jiran alfijir. Tun kafin ladan ya kira assalatu manyan motoci sun fara sauke albasa da tumatir da wake da busasshen kifi, waɗansu daga Aliyaro ta Jihar Kebbi, waɗansu daga Kano, waɗansu daga Maiduguri. 'Yan dako na ihu, masu baro na neman hanya, dillalai na ciniki da tocila a hannu. Haka abin yake a kasuwannin Mil Ɗaya da Mil Uku a Fatakwal, haka kuma a Garki ta Inugu. Mutanen da ke wannan aiki, in dai maganar tafiya ce, babu mai gwada musu hanya. Akwai wanda ya bi titin Lakwaja da na Makurɗi har ya san kowane rami da kowane mai shayi da ke bakinsu.

To, amma a tambayi ɗayansu, yaushe rabonsa da ya ɗauki matarsa, su biyu kaɗai, su tafi wani wuri ba don biki ba, ba don ta'aziyya ba, ba don asibiti ba, su zauna kwana uku babu ciniki babu baƙi? Dariya zai yi, ya ce wannan ai aikin Turawa ne da manyan ma'aikata. Yana da ɗan gaskiya. Ma'aikaci yana da hutun shekara, domin Dokar Ƙwadago ta 1974 ta ce wanda ya yi wata 12 cur yana aiki a ba shi aƙalla kwana shida na hutu da albashinsa. Shi kuwa ɗan kasuwa shi ne maigidan kansa, shi ne yaron kansa, ranar da ya rufe rumfa ranar babu abin da zai shiga aljihu.

Zaman 'yan Arewa a wannan yanki ba yau aka fara ba. Tun ƙarshen ƙarni na 19 mafarautan giwa Hausawa suka zauna a Elele, kan hanyar Fatakwal zuwa Owerri. A 1909 aka gano kwal a Udi, a 1916 jirgin ƙasa ya haɗa Inugu da Fatakwal, da aka gama gadar Makurɗi a 1932 kuwa sai hanya ta buɗe sosai ga masu shanu da masu goro da masu ƙira da ɗinki. Har ta kai a shekarun 1950 magajin garin Inugu na farko shi ne Malam Umaru Altine, Bafillace mai fataucin shanu daga Sifawa ta ƙasar Sakkwato, kuma 'yan gari ne suka zaɓe shi. Sa'an nan aka yi tashin hankalin 1966, aka kashe 'yan ƙabilar Ibo masu yawa a Arewa, aka yi ramuwa a Gabas, 'yan Arewa suka kwashe. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a watan Janairu 1970 suka riƙa dawowa da kaɗan da kaɗan. A watan Fabrairu 2006, bayan kashe-kashen Maiduguri, aka far wa unguwannin Hausawa a Anacha, aka ƙone masallatai, mutane suka tsallake gada a guje zuwa Asaba. Aka sake dawowa, aka sake gini. Wannan ya sa baƙon Kurmi, ko ya shekara talatin a Titin Bida ko a Ama Hausa, yakan kwana da kunne ɗaya a buɗe.

Shi ke nan maigida, wanda aƙalla yana fita, yana ganin jama'a, yana shan iskar kasuwa. Ita uwargida fa? Da yawa daga cikin matan waɗannan unguwanni an ɗauko su ne daga Gusau ko Haɗeja ko Azare aka sauke su a ɗakin haya guda, ko ciki da falo in maigida yana da hali, a gidan da ake layin famfo da layin banɗaki. A gida Arewa ko mace tana kulle tana da tsakar gida, tana da inuwar darbejiya, tana da 'yan'uwa da za su leƙo, ga suna ga biki. A Kurmi sau da yawa babu tsakar gidan, babu dangin, Turancin buroka ma sai a hankali take tsinta. Tana yin waina ko fura ko tuwon sayarwa, yara na kai talla, rana ta fito ta faɗi. Akwai macen da ta yi shekara goma a Anacha, birnin da ke bakin Kwara, ba ta taɓa tsayawa ta kalli kogin ba sai ta tagar mota ranar tafiya gida.

Ko iskar da ake shaƙa ma ba ta hutar da mutum. A 2016 alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya suka sa Anacha a kan gaba cikin biranen duniya wajen yawan ƙura da ƙazanta a iska. A ƙarshen wannan shekara ce kuma baƙin hayaƙi ya fara sauka a Fatakwal, wanda aka fi ɗora alhakinsa a kan masu dafa ɗanyen mai a daji da kuma ƙone kayansu da ake yi. Mata suka riƙa shanya farin kaya su kwashe shi baƙi, a share daɓe da safe kafin azahar ya sake yin baƙi.

Wani zai ce ai ana zuwa gida da Salla. Ana zuwa, amma wanda ya taɓa yi ya san wannan ba hutu ba ne. Kwana ɗaya ko biyu a mota da yara da kaya, a isa a fara zagayen gaisuwa, a yi ta'aziyyar duk wanda ya rasu cikin shekara, a raba tsaraba, a saurari ƙarar ƙane da bukatar gwaggo. Maigida yana zaure da maza, uwargida tana cikin gida da mata, sai su yi mako biyu ba su yi hirar minti goma su kaɗai ba. Aikin Hajji da Umra kuwa ibada ce, mai zuwa ba hutu ya je nema ba, kuma yakan dawo da gajiyar da ta fi wadda ya tafi da ita. Akwai kuma wani hutun dole da ya samu mutanen Anacha da Inugu daga watan Agusta 2021, lokacin da ƙungiyar IPOB ta ce a riƙa zaman gida kowace Litinin don neman a saki shugabanta, Nnamdi Kanu. Ƙungiyar ta ce ta janye ba da daɗewa ba, amma 'yan bindiga suka ci gaba da tilasta wa mutane har shekaru. A 2023 gwamnatin Jihar Inugu ta ce ta haramta zaman. Mai tumatir da ya wuni a ɗaki ranar Litinin yana lissafin kwandunan da ke ruɓewa, yana kuma sauraron ko za a ji harbi, ba za a ce ya huta ba.

Abin mamaki shi ne waɗannan garuruwa uku ba su rasa wurin shan iska ba. A gefen Inugu akwai Tafkin Nike, bayan unguwar Abakpa, da otal da gwamnatin jiha ta gina a bakinsa, mai keke napep ma zai kai mutum. Kusa da Awka akwai Tafkin Agulu, inda kadoji ke kwance a ruwa kuma mutanen garin ba sa kashe su saboda al'adarsu. A Jihar Imo, tsakanin Anacha da Fatakwal, akwai Tafkin Oguta, wanda ya fi su suna. A nan ne ruwan tafkin mai shuɗi-shuɗi yake haɗuwa da ruwan kogin Urashi mai launin ƙasa, su yi tafiya kafaɗa da kafaɗa ba su gauraya ba, masu kwalekwale na kai baƙi su gani da idonsu. A zamanin Turawa tashar manja ce, a lokacin yaƙi kuma sojan ruwan Biyafara sun yi sansani a wurin.

Duk da haka ba kasafai za a ga Bahaushe da matarsa a bakin waɗannan tafkuna ba. Mutanen Oguta ko na Agulu ba su kori kowa ba, hanyar ce ake tsoro. Yankin Oguta ya sha fama da hare-haren 'yan bindiga a 2021 da 2022. A watan Mayu 2022 kuma aka harbe wata mace 'yar Arewa da 'ya'yanta huɗu a yankin Orumba a Jihar Anambra. Gaskiya ne waɗanda 'yan bindigar suka fi kashewa 'yan ƙabilar Ibo ne, 'yan'uwansu, amma wannan labari ya zauna a zuciyar kowane magidanci na Zango. Mutumin da ke sanye da hula da doguwar riga, matarsa da hijabi, ya san daga nesa ake gane shi a hanyar ƙauye. Idan kuwa mutum zai zauna a bakin ruwa yana waiwaye, gara ya yi zamansa a rumfa.

Wannan ne ya kawo maganar ƙetare. Da an ce ƙasar waje sai hankalin mutane ya tafi Dubai ko Landan, a fara lissafin biza da kuɗin jirgi a ce sai wane da wane. An manta Gana ma ƙasar waje ce, kuma ba a bukatar biza. A ranar 28 ga Mayu 1975 aka kafa ƙungiyar ECOWAS a Ikko, a 1979 ƙasashenta suka amince ɗan kowace ƙasa ya shiga 'yar'uwarta ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Abin da ake nema shi ne fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin allurar shawara, watau katin nan mai launin rawaya. Miji da nasa, mata da nata. A can ƙasar Asante, kimanin kilomita 30 kudu maso gabas da Kumasi, akwai wani tafki da ake kira Bosumtwi, wanda in shiru ake nema da wuya a sami kamarsa a wannan sashe na Afirka.

A ɗauki misalin mai albasa na Anacha da uwargidansa. Za su hau mota a Upper Iweka, su ƙetare Kwara, ko ta tsohuwar gada ta 1965 ko ta sabuwa da aka buɗe a 2023, su bi Asaba da Binin da Ore su shiga Ikko. Na Inugu da na Fatakwal ma hanyar ke nan da ƙarin 'yan awoyi. Daga Ikko akwai motocin da ke zuwa Ankara, babban birnin Gana, ta Badagiri da iyakar Seme. Wannan yanki na hanya shi ne mai cin rai, saboda yawan shingayen bincike, kuma wanda takardunsa ba su cika ba zai yi ta sa hannu a aljihu. Daga nan sai Kwatano, sai iyakar Togo a Hilakonji, inda za a mayar da agogo baya da awa ɗaya, sai Lome, sai Aflao, an shiga Gana. A Binin ta Kwatano da Togo sefa ake kashewa, a Gana sidi. Hanyar tana bin gefen teku, kuma tana wuce waɗansu tafkunan: na Nokwe kusa da Kwatano, inda garin Ganbiye yake tsaye a kan turaku cikin ruwa, da Tafkin Togo kafin Lome. Wanda ya gaji yana iya yada zango a nan. Daga Ankara zuwa Kumasi kimanin kilomita 250 ne, tafiyar rabin wuni.

Dalilin da ya sa Bosumtwi ya fi dacewa da Bahaushe shi ne Kumasi. Daga ƙasarta ne aka riƙa samun goron tsohuwar hanyar Gwanja, wadda fatake suka yi ɗaruruwan shekaru suna bi da jakuna daga Kano da Katsina da Sakkwato, su kai kanwa da tufafi da fata kasuwar Salaga su dawo da goro. Bayan yaƙin da ya watsa Salaga a 1892 mutanenta suka bazu, waɗansu suka tafi Kete Karaci, cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya rasu a can a 1934, waɗansu kuma daga baya suka taru a Kumasi. Alhassan Ɗantata ma a wannan ƙasa ya kafa ƙafarsa a fataucin goro, har ya riƙa aika shi Ikko ta jirgin ruwa. Yau a Zangon Kumasi, a Aboabo da Asawase da Sabon Zango, Hausa ce harshen titi, ko ga waɗanda iyayensu Dagomba ne ko Mosi ko Zabarmawa. Akwai Sarkin Zango, akwai babban masallaci, akwai makarantun allo.

Uwargidan da ta saba yin shiru a kasuwar Anacha don rashin harshe, a nan za ta yi cinikinta da bakinta. Za ta dai yi dariya, domin Hausar Gana ba ta cika bambanta namiji da mace ba, za ta ji ana maganarta ana cewa ya zo, ya tafi. Da safe ga koko da ƙosai, wanda 'yan ƙasar kansu ke kira kokon Hausa. Shinkafa da waken da duk Gana ke ci sunanta wace, daga kalmar wake aka samo shi, tuwon zafi kuma da sunansa na Hausa ake sayar da shi. Kwana ɗaya a Zango ya isa a huce gajiyar mota, a canza kuɗi, a yi tambaya game da masauki a bakin tafki.

Daga Kumasi ƙananan motoci na zuwa Kuntanase, daga nan hanya ta hau tudu, sai kawai ƙasa ta buɗe a gaban mutum. Tafkin yana can ƙasa cikin wani ƙaton kwari, zagayayye kamar an kife akushi an ɗauke, duwatsu masu duhun itatuwa sun kewaye shi ta kowace fuska. Faɗinsa kimanin kilomita 8, watau mil 5, zurfinsa a tsakiya kusan mita 80. Masana sun ce fiye da shekara miliyan ɗaya da ta wuce wani ƙaton dutse ya faɗo daga sararin sama ya haƙa ramin, wanda bakinsa ya fi kilomita 10, ruwan sama ya cika shi. A 2004 ma masu bincike daga ƙasashe dabam-dabam sun zo sun huda ƙasan tafkin sun ɗebi laka da dutse don nazari. Babu kogin da ke fita daga cikinsa, saboda haka in aka yi shekarun ruwa da yawa sai ya cika ya hau, har ƙauyukan bakinsa sun sha tashi su koma tudu. Shi ne kaɗai tafkin da Allah ya yi a Gana, domin na Bolta, wanda ya fi shi girma nesa ba kusa ba, mutum ne ya tare kogi a Akosombo a 1965, kuma ruwansa ne ya cinye tsohon garin Kete Karaci. A 2016 hukumar UNESCO ta sa Bosumtwi cikin wuraren da ake kiyaye halittunsu.

Su Asante suna da nasu labarin. Sun ce wani maharbi ne, Akora Bompe, ya harbi gada, watau dabbar dawa, ya bi sawunta har ta faɗa wani ɗan kududdufi ta ɓace, shi kuwa ya zauna a wurin yana kamun kifi. Sunan tafkin daga nan ya fito, ma'anarsa abin bautar gada. A al'adarsu wuri ne mai tsarki, inda suke cewa rayukan matattu ke zuwa sallama. Baƙo Musulmi ba ruwansa da wannan, amma akwai wata al'ada da ta fito daga ciki wadda zai ji daɗinta. Tun da can an hana sa kwalekwale irin na ko'ina a ruwan, saboda haka masunta suna hawan gungumen katako ne da suke kira padua, su zauna a kai kamar mai hawan jaki, ƙafafu cikin ruwa, suna tuƙi da hannu ko da sakaina. Yanzu akwai 'yan jiragen inji masu yawo da baƙi daga Abono, ƙauyen da hanya ke sauka, amma in aka ɗan matsa gaba zuwa sauran ƙauyukan, da safe babu abin da ake ji sai tsuntsaye da ƙarar tarun da aka jefa.

Ranar farko ba za ta yi wa maigida daɗi ba, wannan kam a sa a rai. Mutumin da ya shekara ashirin cikin hayaniyar gindin gada, shiru ma ƙara yake yi masa a kunne. Zai yi ta duba waya, ya kira yaronsa ya tambayi nawa buhu ya kwana, ya tashi ya zauna. Ita ma uwargida hannunta zai riƙa neman aiki, ta ga wata ce ta dafa ta kawo mata, ta rasa yadda za ta yi da kanta. Sai a rana ta biyu jiki ke saki. A yi sallar asuba, a shimfiɗa darduma a bakin ruwa, a ga hazo na tashi daga duwatsu, masunta na fita ɗaya bayan ɗaya a kan katakonsu. Da hantsi a taka a hankali ta hanyar ƙafa da ta bi cikin gonakin koko da ayaba zuwa ƙauye na gaba. Da rana a ci soyayyar karfasa da aka kamo da safen. Da la'asar a zauna.

A wannan zama ne amfanin tafiyar yake. Akwai maganganun da miji da mata kan yi shekaru suna ɗagawa, domin a ɗaki ɗaya da yara shida da bango mai jin magana babu inda za a yi su. Auren babbar 'ya, ko a bar ta ta gama makaranta. Filin da aka saya a gida aka kasa ginawa. Ciwon da uwargida ke ji ta ƙi faɗa don kada a ce ta cika ƙorafi. Da babbar tambayar da kowane baƙon Kurmi ke ɗauke da ita, watau in tsufa ya zo a nan za a zauna ko gida za a koma, kuma yaran da aka haifa a Diobu ko Ogui, masu jin Ibo da buroka fiye da Hausar Sakkwato, ina ne gidan nasu? Irin wannan hira ba ta yiwuwa a tsaitsaye. Tana bukatar wurin da babu mai sallama, babu mai bin bashi, babu kuma mai kallon hular mutum.

Akwai 'yan abubuwan kiyayewa. A guji zuwa a ranakun hutun Gana, kamar 6 ga Maris, ranar 'yancin kai, ko Litinin ɗin Ista, ko washegarin Kirsimeti, domin a irin waɗannan ranaku samarin Kumasi kan cika Abono da kiɗa da lasifika, mai neman shiru zai ga kamar bai bar Anacha ba. Yawancin mutanen ƙauyukan ba Musulmi ba ne, saboda haka a riƙe buta da darduma, a tsaya a kan kifi, in ana son nama a saya tun daga Zango. Waɗansu masaukan suna sayar da giya, mai iyali sai ya duba kafin ya biya. A tafi da gidan sauro. Matafiyi yana da sauƙin ƙasaru, kuma a mazhabar Malikiyya in ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku sai ya cika salla.

Sauran ƙalubale a gida suke, ba a Gana ba. Na farko kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, naira kuma da aka sake ta a watan Yuni na wannan shekara ta faɗi daga wajen 460 a kan dala a farashin gwamnati zuwa fiye da 1,500 a 2024. Ɗan dako da mai yankan farce da mai gadi, waɗanda su ne mafi yawa a Zango kuma da yawansu matansu ma suna Arewa, wannan magana ba tasu ba ce, kuma rashin adalci ne a yi kamar tasu ce. Amma akwai dillalin shanu, akwai mai motoci biyu a hanya, akwai ɗan canji, waɗanda ke kashe abin da ya fi wannan a anko da lefe da liƙi a biki guda ba su ji komai ba. Na biyu lokaci. Tafiyar tana cin kwana biyu zuwa, biyu dawowa, uku ko huɗu a can, watau mako guda da ɗoriya. Mai shanu da raguna yana da sarari bayan Babbar Salla, mai kayan gwari kuwa sai ya sami ɗan'uwa amintacce da zai tsaya masa.

Na uku bakin mutane. Za a ce wane ya zama mijin-ta-ce, za a ce an ga kuɗi an fara bidi'a. Masu wannan magana sun manta hadisi ingantacce ya nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa, wadda ta faɗo a kanta ya tafi da ita. Wannan kuma ya kai ga na huɗu, wanda ya fi duka zafi: mai mata biyu ko uku, da wa zai tafi? Malamai sun yi bayanin hukuncin, sai a tambaye su. Amma ko ba a buɗe littafi ba, mutumin da ya ɗauki amaryar bara ya bar uwargidan da ta sha hayaƙin murhu da gudun 2006 tare da shi, duk hutun da ya samu a bakin tafki a bakin ƙofa zai ajiye shi.

Tsofaffin Zango za su ƙara da tunin cewa Gana ma ta taɓa korar baƙi. Haka ne. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, 'yan Nijeriya masu ɗimbin yawa suka dawo da abin da za su iya ɗauka. A watan Janairu 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin wannan ga 'yan Gana da sauran baƙi, har jakar nan mai zane-zane ta sami suna daga lokacin. Nijeriya ma ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Saboda haka kafin a ɗaura kaya a tambayi direbobin hanyar halin da iyaka ke ciki, a tabbata an buga hatimi a fasfo a kowace ƙofa, shiga da fita.

Ranar dawowa za a sake hawa tudun a bar tafkin a baya, a tsaya kasuwar Kejetiya a Kumasi a sayi goro da atamfa na tsaraba, domin babu yadda za a yi a je ƙasar goro a dawo wa maƙwabta hannu rabbana. A Hilakonji a mayar da agogo gaba da awa ɗaya. Motar dare daga Ikko takan iso Asaba wajen asuba, kuma daga kan gada za a hango tocilolin masu sauke albasa sun riga sun fara aiki.